Yadda Iyali Za Su Tantance Batun Dashen Ɓargo da Binciken Maganin Ƙwayoyin Halitta Kafin Su Sa Hannu

Duk gidan da ke jinyar mai sikila ko mai sankarar jini a Kaduna ya san irin wannan rana: wani ɗan'uwa ya turo saƙo ta WhatsApp cewa an samo maganin da ke raba mutum da cutar har abada, ko wata maƙwabciya ta zo dubiya ta ce ai ɗan wance an kai shi Indiya, an canza masa ɓargo, ya dawo garau. Daga nan sai hankalin gida ya tashi, a shiga lissafin filin da ke Rigasa ko gonar gado da ke ƙauye, alhali ko sunan aikin da ake son yi ba a sani ba. Labarin ba ƙarya ba ne gaba ɗayansa, domin akwai magungunan da ake yi da rayayyun ƙwayoyin jikin ɗan'adam, kuma sun warkar da mutane. Sai dai a ƙarƙashin wannan suna guda akwai abubuwa uku da suka sha bamban, wato maganin da aka riga aka tabbatar da shi, da binciken da likitoci ke kan yi, da kuma sana'ar 'yan damfara. Abin da ke kan iyali shi ne su gane wanne ne a gabansu tun kuɗi bai fita daga hannu ba.

A fara da sunan cutar a rubuce

Mataki na farko ba ya buƙatar fasfo. A je wurin likitan jini, ba likitan da ke duba kowane irin ciwo ba, a roƙe shi ya rubuta cikakken sunan cutar a takarda. Ana samun waɗannan likitoci a manyan asibitocin koyarwa, kamar Asibitin Barau Dikko a cikin gari da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Idan sikila ce, a san ko SS ce ko SC, domin tsananinsu ba ɗaya ba ne. Idan sankarar jini ce, kalmar kawai ba ta wadatar ba, saboda akwai mai saurin yaɗuwa da mai tafiyar hawainiya, akwai ta ɓargo, akwai ta kaluluwa, kuma kowace da maganinta.

Wannan mataki kaɗai yana iya tare wa iyali tafiyar banza. Akwai wata sankarar jini mai tafiya sannu da ake kira CML, wadda ƙwayar magani da ake haɗiya kullum, Glivec, take danne ta shekara da shekaru, kuma an daɗe ana ba marasa lafiya wannan magani ta hanyar tallafi a asibitin koyarwa na Ile-Ife. Sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara ko cikinsu, tana jin kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, sosai idan an zo da wuri. Yawancin yaran da ke da sankarar jini mai sauri ma da kemo ake warkar da su. Ana komawa ga dashe ne ko maganin ƙwayoyin halitta idan cutar ta ƙi jin magani, ko ta dawo, ko kuma tun farko likita ya ga alamun tana da taurin kai.

Bayan sunan cuta, sai a tattara takardu. Na taɓa ganin wata uwa a layin ganin likita ta zazzage baƙar leda a kan benci, katin asibiti guda uku, da sakamakon gwaji da ruwa ya taɓa, da rasit na kemis, duk a cakuɗe, tana nema tana cewa tabbas a nan ta ajiye. Littafin rubutu guda ɗaya zai raba ta da wannan wahala. A rubuta ranar da aka kwantar da mara lafiya da dalilin kwanciyar, da yawan ledar jinin da aka taɓa ƙara masa, da ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙirji mai sarƙe numfashi. Ledar jini musamman abin ƙirgawa ce, domin yawan ƙarin jini yana tara sinadarin ƙarfe a hanta da zuciya, yana kuma sa jiki ya koyi yaƙar jinin wani, kuma duk cibiyar dashe sai ta tambayi wannan.

Ayyuka uku da ake ruɗa su

Ɓargo shi ne masana'antar jini. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi da za a iya kira ƙwayoyin iri, domin daga gare su ne jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu tsayar da zubar jini suke fitowa. Dashen ɓargo ba tiyata ba ce, ba a fasa ƙashin kowa. Ana ba mara lafiya magunguna masu ƙarfi na kwanaki don a share tsohon ɓargonsa, kamar yadda manomi ke sharar gona kafin shuka, sannan a ɗaura masa ƙwayoyin irin mai bayarwa ta jijiya, tamkar ƙarin jini. Su da kansu suke neman hanyar ɓargo su zauna, kuma yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin su fara samar da sabon jini. A cikin waɗannan makonni mara lafiya ba shi da garkuwa, yana killace a ɗaki guda, mai jinya na sanye da takunkumi, ba 'yan dubiya, ba kwanon abinci daga gida. Wannan aiki tsoho ne: likitan Amurka Donnall Thomas ya sami kyautar Nobel a kansa a 1990, kuma tun 1984 aka ba da rahoton yarinyar farko da dashe ya raba da sikila. A Najeriya an yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sannan a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka fara nasu shirin.

Aiki na biyu shi ne wanda ake kira CAR-T, kuma na sankarar jini ne, ba ruwansa da sikila. Ana tace wasu fararen ƙwayoyin jini na mara lafiya da na'ura, a kai su ɗakin gwaje-gwaje a sauya musu halitta yadda za su gane ƙwayar sankara, a ninka yawansu, bayan 'yan makonni a mayar masa da su. Yarinyar farko da aka yi wa shi, Emily Whitehead, an yi mata ne a birnin Filadelfiya a 2012 a cikin bincike, bayan kemo ya gaza. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farko, Kymriah, a 2017, a kan dala 475,000, kuma a 2023 Indiya ta amince da nata na gida mai suna NexCAR19 a farashi mai rahusa sosai. Haɗarinsa a fili yake: garkuwar jiki na iya harzuƙa, zazzaɓi ya yi tsanani, bugun jini ya faɗi, mara lafiya ya rikice, saboda haka ba a yin sa sai inda akwai ɗakin kulawar gaggawa.

Na uku shi ne gyaran ƙwayoyin gado, kuma shi ne ya fi yawo a bakin mutane yanzu. A nan ba a neman mai bayarwa. Ana ɗebe ƙwayoyin irin mai sikila da kansa, a gyara su, a mayar masa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, wanda ke tayar da irin jinin da jariri ke da shi a ciki, jinin da ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Bahrain da Saudiyya ma sun amince. A binciken da aka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ɗan'uwansa Lyfgenia kuma dala miliyan 3.1, kuma a lokacin an amince da su ne ga masu shekara 12 zuwa sama. Abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa shi ne shi ma sai an yi sharar gonar nan da kemo mai ƙarfi, wanda ke iya hana haihuwa. A ganina, ga mafi yawan iyalai a Kaduna, aikin da ya cancanci a zauna a yi masa lissafi a yau shi ne na farko, wato dashen ɓargo.

Neman mai bayarwa

Ba rukunin jini ake dubawa ba, ba kuma kamar fuska ba. Akwai gwaji na musamman da ake kira HLA, wanda ke nuna ko garkuwar jikin mutum biyu za su zauna lafiya. Wanda aka fi sa rai da shi shi ne shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowane shaƙiƙi yana da damar dacewa kashi 25 cikin 100. A gidajenmu na mata biyu ko uku wannan magana tana buƙatar a faɗe ta dalla-dalla, domin 'yan uba ba sa shiga wannan lissafi, kuma bai kamata rashin dacewa ya zama abin gori tsakanin ɗakuna ba. Ɗan'uwa mai AS yana iya bayarwa. Idan yaro mai sikila ya sami shaƙiƙin da ya dace, kuma an yi aikin tun cutar ba ta taɓa masa ƙwaƙwalwa da ƙoda ba, fiye da 90 cikin 100 sukan rayu, mafi yawansu ba tare da sikila ba. Idan babu shaƙiƙi, akwai dashen rabin dacewa, inda uwa ko uba ke bayarwa, kuma har yanzu ana ta bincike don rage haɗarinsa.

Tsoron da aka fi ji shi ne wai mai bayarwa zai nakasa ko ƙarfinsa ya ƙare. Ana zuƙo ɓargon ne da allura daga ƙashin ƙugu ta baya, mutum yana cikin maganin barci, ba a taɓa laka, kuma jiki yana mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Ga wanda ke da tambaya ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci da ke Jidda ta zartar a 1988 da halaccin ɗaukar abin da jiki ke mayarwa da kansa, kamar jini da fata, daga wani zuwa wani, bisa sharuɗɗa; ba laifi iyali su zauna da malaminsu a kan haka. Haɗari na gaske yana kan mai karɓa. Sabon ɓargo na iya ƙin kamawa, ko kuma garkuwar mai bayarwa ta ɗauki jikin mara lafiya a matsayin baƙo ta far masa, ta fata da hanji da hanta, wani lokaci na tsawon shekaru. Ana kuma rasa rai. Likitan da bai ambaci waɗannan ba, bai gama bayani ba.

Idan an ce bincike ne

A nan ne ya kamata a fi nutsuwa. Mutanen Arewa suna da dalilin ɗari-ɗari da kalmar gwaji, domin ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan batun izinin iyaye har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Amma kuma bincike ne ya kawo duk abin da aka lissafa a sama, kuma an yi na kirki a ƙasar nan. Binciken SPRING, wanda aka yi da yara 220 a asibitocin Kano da na Barau Dikko a nan Kaduna, ya nuna cewa maganin haidiroksiyuriya, ko da ƙaramin awo ne, yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. Saboda haka ba gudun bincike za a yi ba, sai dai a san yadda ake gane mai tsafta.

Abu na farko, a nemi lambar rajista. Duk binciken gaskiya yana cikin kundin da kowa zai iya buɗewa a intanet: na Amurka shi ne ClinicalTrials.gov, lambarsa tana farawa da NCT, na Afirka kuma lambarsa tana farawa da PACTR. A buɗe a duba ko sunan asibitin da na likitan sun yi daidai da abin da aka faɗa. Sai dai a lura, shiga kundi ba shaidar inganci ba ce, domin wasu 'yan kasuwa ma sukan sa sunansu a ciki. Don haka sai a ƙara da neman takardar amincewar kwamitin ɗa'a. A Najeriya kowane asibitin koyarwa yana da irin wannan kwamiti a ƙarƙashin kwamitin ƙasa mai suna NHREC, kuma gwajin magani sai da izinin NAFDAC.

Abu na biyu, a tambayi matakin da binciken yake. A mataki na 1 mutane kaɗan ne, kuma abin da ake nema shi ne sanin ko jiki zai ɗauki maganin da awon da ya dace. Wanda ya shiga ya sani cewa yana cikin na gaba-gaba. A mataki na 2 ana duba ko yana aiki. A mataki na 3 ana gwada shi da maganin da aka saba, kuma sau da yawa ƙuri'ar kwamfuta ce ke raba mutane gida biyu, ba zaɓin likita ba, ba na iyali ba.

Abu na uku shi ne takardar amincewa. Haƙƙin iyali ne a karanta musu ita da Hausa, a ba su kwafi su tafi da shi gida su kwana a kai, su nuna wa likitansu. Haƙƙinsu ne su ƙi, ko su janye a tsakiya, ba tare da an daina duba su a asibitin ba, ko da yake a aikin dashe akwai gaɓar da ba a komawa baya, wato da zarar an fara share ɓargo. Yaron da ya yi wayo a tambaye shi ra'ayinsa, kada a yanke a bayan idonsa. Kunya tana hana mu tambayar likita, musamman idan ya manyanta, amma ana iya yin tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a cikin waɗanda kuka yi wa wannan aiki, mutum nawa ne suka rasu, mutum nawa ne ciwon ya dawo musu?" Sannan a bi da sauran: wa zai biya idan an sami matsala, wa zai biya masauki da abinci, kuma shekara nawa za a ci gaba da bibiya. A gyaran ƙwayoyin gado bibiyar takan kai shekara 15, shi ya sa cibiyoyi da yawa ba sa karɓar wanda ba ya zaune kusa da su. Idan mara lafiya ya balaga, a tayar da maganar adana maniyyi ko ƙwan haihuwa kafin a fara kemo, domin bayan an fara lokaci ya ƙure.

A ƙa'ida, ba a sayar wa mai shiga bincike maganin da ake gwadawa. Wanda ya ce bincike yake yi, kuma ya ce a tura miliyoyi kafin a sa suna, ya riga ya bayyana kansa.

'Yan damfara ba su da wuyar ganewa idan an san abubuwan da suka gabata. Garin magani a ƙunshi ko ƙwaya da ake tallatawa a taron otal da sunan ƙwayoyin iri na tuffa ko inabi ba ya canza ɓargon kowa. Allura guda a wani ɗan asibiti, a tashi a koma gida da yamma, ba dashe ba ne. Magani ɗaya da aka ce yana warkar da sikila da ciwon suga da rashin haihuwa, wannan talla ce. Haka kuma dillalin da ke hana iyali magana kai tsaye da likitan can, ko yake matsa lamba wai gurbi zai cika gobe, a yi hattara da shi.

Kuɗi, tafiya da dawowa

Idan an tsai da shawarar tafiya, ko Legas ko waje, likitan jini na gida shi ne zai rubuta takardar turawa, kuma a nemi ya yi magana da likitan can, ko ta bidiyo ce. A karɓi ƙiyasin kuɗi a rubuce daga asibitin kansa, a tura kuɗi asusun asibiti ba na wani mutum ba. A tambaya ko ƙiyasin ya haɗa da kwanciyar gaggawa da magungunan bayan sallama, domin nan ne lissafi ke rushewa. Kwana 100 na farko su ne mafi haɗari, kuma akasari ana buƙatar mara lafiya ya zauna kusa da cibiyar, tare da mai jinya guda wanda zai bar aikinsa ko sauran 'ya'yansa duk wannan lokaci. Iyalin da suka tara kuɗin aiki kawai, ba su tara na zama da na dawowa ba, gara su jinkirta.

Kafin tafiyar, da ma ko babu tafiyar, kada a saki magungunan yau da kullum. Haidiroksiyuriya, da folik asid, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da gidan sauro, da shan ruwa sosai, da rufe jiki a lokacin hunturu, da hoton jijiyoyin kai da ake yi wa yara don gano haɗarin shanyewar jiki, su ne ke kai yaro ga ranar dashe da gaɓoɓinsa lafiya.

Bayan an dawo Kaduna, jinya ba ta ƙare ba. Za a ci gaba da shan magungunan danne garkuwa na watanni, ana auna su a jini, kuma zazzaɓi ko ƙuraje ko gudawa a wannan lokaci na nufin asibiti a daren, ba kemis ba. Alluran rigakafin da aka yi tun yarinta sai an sake su daga farko bisa jadawalin likita. Cinkoson biki da suna da kasuwa sai a haƙura da su na wani lokaci, ko da dangi za su yi ƙorafi.

Akwai kuma wani abu da iyaye za su adana har ranar da yaron zai yi aure. Dashe yana canza jini ne, ba ya canza abin da mutum zai gadar wa 'ya'yansa. Wanda aka haifa SS aka dasa masa ɓargon ɗan'uwansa, idan ya je gwajin kafin aure takarda za ta nuna AA ko AS, irin na mai bayarwa, alhali kowane ɗa da zai haifa sai ya karɓi S daga gare shi. Idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar zuwa da sikila kashi 50 cikin 100. Saboda haka takardar gwajin farko, wadda ta nuna SS, a ajiye ta tare da takardun dashen, a kuma nuna su ga likita da waliyyan ɗaya ɓangaren tun ana maganar neman aure.